Na ƙwace wayar, yanzu yarinyar ta daina kallon idona

Assalamu alaikum Hajiya. Ni mazauniyar Nima ce a Akra, ina sayar da wake da shinkafa da safe a bakin titi. 'Ya'yana huɗu, babbar shekararta 14, tana aji biyu a ƙaramar sakandare, JHS. Bara ƙanena ya ba ta tsohuwar Tecno ɗinsa saboda aikin makaranta, kuma ita ke duba mini kuɗin MoMo, wato kuɗin da ake turawa ta waya, idan masu saye sun turo. Daren Juma'a na farka na ga haske ƙarƙashin mayafinta, tana kuka. Na ƙwace wayar. Turancina bai kai ba, sai na ba ɗan maƙwabciyata ya karanta mini. Ashe wata uku ke nan tana hira da wani da suka haɗu a TikTok, daga baya suka koma WhatsApp. Ya ce mata shekararsa 17. Yana saya mata data, sau biyu ya turo mata sidi 50. Ya nemi hotonta babu hijabi, ta tura. Yanzu yana neman wanda ya fi wannan, ya ce in ta ƙi zai watsa wa 'yan ajinsu da malaminsu na Islamiyya. Na mare ta, na gaya mata maganganun da yanzu nake nadama. Kwana huɗu ke nan ba ta cin abincin kirki, ba ta kallon idona. Babanta direban babbar mota ne tsakanin Tema da Wagadugu, mako mai zuwa zai dawo. Yayana ya ce a fasa wayar a kai ta Salaga wurin kakarta, ya ce kuma laifin gwamnati ne da ta ƙi rufe TikTok. Hajiya, akwai yadda ake kulle waya ta yadda mugun abu ba zai shigo ba? Kuma in gaya wa babanta?

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah ya sanyaya miki zuciya. Na cire sunanki da na yarinyar da lungun da kike, don a Nima kowa ya san kowa.

Tambayoyinki biyu zan amsa su, amma akwai abin da ya fi su gaggawa, shi ne kwana huɗun nan da yarinya ba ta cin abinci.

Ki tuna yadda kika same ta. Kuka kika tarar tana yi. Wato tun kafin ki ƙwace wayar ta riga ta gane ta faɗa rami, tana ta laluben hanyar fita ita kaɗai cikin dare. Mutumin nan jarinsa ɗaya ne, tsoron da take yi kada gida su ji. Da ke yake razana ta, ke da babanta da malamin Islamiyya. Ranar da ta tabbata uwarta ta sani kuma ba ta yar da ita ba, rabin ƙarfinsa ya karye. Marin da kika yi, ba da niyya ba, ya gaskata mata abin da take gudu. Ban ga laifinki sosai ba, uwa ce ta firgita da tsakar dare, kuma ban san wadda za ta rantse ba za ta yi haka ba. Amma an bar jaki an daki taiki, sai a koma a gyara.

Na san gidan haya ba shi da sirri, in ka yi tari maƙwabci ya ce sannu. To ke kina da lokacin da ba kowa ke da shi ba, asubar fari, sa'ad da kike ɗora tukunyar wake kafin gida ya tashi. Ki tashe ta ta taya ki, ki miƙa mata karan dafi ta wanke, hannunta na aiki, idonki na kan wuta. Yaro ya fi buɗe baki in ba a ƙura masa ido ba. Ki ce mata: “Na mare ki ne don na tsorata. Maganganun da na faɗa ki yafe mini. Mutumin nan shi ne mai laifi, kuma ni da ke za mu yi maganinsa.” A wurinmu uwa ba ta cika neman yafiyar 'yarta ba, na sani. Girmanki ba zai zube ba.

In ta fara magana, akwai abin da dole ki sani, kuma ki tambaya ɗaya bayan ɗaya. Bayan wancan hoton akwai wani da ta tura, ko bidiyo, ko da irin wanda ake buɗewa sau ɗaya ya ɓace? Ya san makarantarsu? Ya san inda kike sayar da abinci? Ya taɓa cewa su haɗu? Duk amsar da ta ba ki, ki riƙe fuskarki. In kika yi salati da ƙarfi a tambaya ta farko, ba za ki ji amsar ta biyu ba. Kwanakin nan kuma kada a bar ta ita kaɗai a ɗaki tsawon lokaci. Irin wannan barazana ta sa yara sun halaka kansu a ƙasashe da dama, yaran da ba wanda ya taɓa zaton haka gare su. In kika ji ta ce gara ta mutu, ko ta huta, kada ki ɗauka shagwaɓa ce. Ki kai ta asibiti ranar, ki gaya wa likita gaskiya.

Wayar kuma kada a fasa ta. Kada a goge komai, kada a sayar da ita a kasuwar wayoyi ta Circle, kada a cire layin. Ita ce shaidarki. Ki samu wanda kika amince da shi, babba, mace in da hali, ta taya ki ɗaukar hoton fuskar wayar: lambarsa, sunan da yake amfani da shi a TikTok, saƙonnin barazanar da ranakunsu. Sidi hamsin-hamsin ɗin nan ma da ya turo, shi ya ɗauka tarko ya ɗana wa yarinya, ashe wa kansa ya ɗana. Saƙon MoMo yana zuwa da sunan mai asusun da lambar cinikin, kuma tun rajistar layuka da aka fara a 2021 kowane layi a ƙasar nan an ɗaure shi da katin shaidar ɗan ƙasa, Ghana Card, na wani. Macuta kan yi amfani da katin wasu, gaskiya ne, amma duk da haka bakin zare ne da mai bincike zai iya ja. Abu ɗaya zan ja kunnenki a kai: in akwai hoton tsiraici, kada a kwafe shi, kada a tura wa kowa, ko yayanki ko babanta, ko da sunan “ku ga abin da ta yi”. A bar shi inda yake. Yaɗa irin wannan hoto na yaro laifi ne a doka ko wa ya yi.

Kada ku amsa masa. Ba roƙo, ba zagi, ba “ka san ko ni wace ce”. In ya nemi kuɗi kada ki biya ko kwabo, wanda aka biya yau gobe zai dawo da farashi sabo. Ku kai ƙara tukuna, sannan a toshe shi.

Inda za a kai ƙarar: ki kira 292 daga kowace waya, ko ki tura saƙo. Lambar Hukumar Tsaron Intanet ce ta ƙasa, CSA, wadda dokar tsaron intanet ta 2020, Doka ta 1038, ta kafa. Dokar nan ta ware sassa musamman don yara, kuma yaro a dokar Ghana shi ne duk wanda bai kai 18 ba. Yaudarar yaro ta intanet da nufin lalata da shi ɗaurin shekara 5 zuwa 15 ne. Yi wa mutum barazanar watsa hoton tsiraicinsa don a tilasta masa ko a tatse shi, shekara 10 zuwa 25. Ki karanta wa yarinyar waɗannan lambobi, ta ji wa ya kamata ya kasa barci tsakaninta da shi. Akwai kuma DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafin mata da yara, ki tambaya a ofishin 'yan sanda mafi kusa su nuna miki. Ba zan yi miki alkawarin za a kama shi cikin mako ba. Bincike kan ja, wani lokaci mutumin ma ba ya ƙasar. Amma da wuya a ce 'yarki kaɗai yake yi wa haka, kuma ƙararki na iya zama wadda za ta haɗu da ta wata uwa a Madina ko Ashaiman.

In ta tabbata akwai hoton da ya wuce na rashin hijabi, akwai wani shafi kyauta mai suna Take It Down, na wata cibiyar kare yara a Amurka, an yi shi don 'yan ƙasa da 18. Hoton ba ya barin wayar. Shafin yana ɗaukar wata lamba ce da ke zama kamar zanen yatsan hoton, ya ba kamfanoni irin su Facebook da Instagram da TikTok, in wani ya ɗora shi su gane su cire. Ba ya aiki cikin hirar WhatsApp, amma ya rage wa mugu fili.

Akwai mutum ɗaya a wasiƙarki da kika wuce shi da sauri, ni kuwa a kansa na tsaya: ɗan maƙwabciya. Yaron nan ya karanta komai. Yau ki kira shi gefe, ki gode masa, ki gaya masa amana ce, ki tambaye shi kai tsaye ko ya tura wa kansa wani abu ko ya gaya wa wani. Ki sanar da shi maganar ta je hannun hukuma. Sau da yawa labari ba daga baƙon da ke intanet yake fashewa ba, daga bes ɗin da samari ke shan ataya yake tashi, kafin la'asar ya zagaye unguwa.

To, maganar kulle waya. Ana iyawa, kuma ina so ki yi, amma ki san iyakarsa. Tecno da Infinix da itel duk Android ne, kuma Google na da manhaja kyauta mai suna Family Link. Ana sa ta a wayarki a haɗa da ta yarinya. Da ita za ki iya cewa ba a sauke sabuwar manhaja sai da izininki, ki ƙayyade awa nawa za a yi a rana, ki sa wayar ta kulle kanta daga ƙarfe tara na dare zuwa safe. TikTok ma na da nasa tsarin haɗa asusun uwa da na ɗa. A WhatsApp kuma a shiga wurin sirri a gyara: hotonta waɗanda ke cikin lambobinta kaɗai za su gani, ba mai jefa ta cikin rukuni sai wanda ta sani, kiran baƙuwar lamba kada ya yi ƙara. Aikin rabin awa ne ga wanda ya iya. Kada ki kai wa mai gyaran waya na bakin titi alhali hirar na ciki, ki nemi malamarsu ta makaranta ko wata 'yar'uwa mai hankali, bayan hukuma ta gama da wayar.

Ga wani abu da iyaye da yawa ba su sani ba. Ka'idar TikTok ita ce wanda bai kai 13 ba ba ya buɗe asusu, wanda bai kai 16 ba kuma ba a iya aika masa saƙon sirri. To ta yaya mutumin ya same ta? Ko dai ta sharhin da ake yi ƙarƙashin bidiyo ya ja ta, ko kuma, wanda na fi zato, ranar da aka buɗe asusun an ƙara mata shekaru, ko ma asusun ƙanenki ne da ya bari a wayar. Yaro ya rubuta an haife shi a 2000, shi ke nan duk katangar da kamfani ya gina ta faɗi, ba wanda ya tambaye shi takarda. Ki sa a duba wannan. In za ta koma TikTok wata rana, da shekarunta na gaskiya za ta koma.

Iyakar kuwa ga ta. Family Link ba ya nuna miki abin da ake faɗa a WhatsApp, don hirar a rufe take daga mai aikawa zuwa mai karɓa, ko kamfanin ba ya karantawa. Matatar da ke tare shafukan batsa tana tare shafi ne, ba ta tare mutumin da ya zo da “sannu ƙanwata, ya karatu”. Ki koma ki saurari hirar nan ta wata uku, ina da tabbacin makonnin farko babu kalma ɗaya da wata na'ura za ta kira mummuna. Haka suke yi. Yabo tukuna, kin yi kyau, kin fi sa'o'inki hankali. Sai sauraro, in an yi mata faɗa a gida shi ke lallashi. Sai 'yar kyauta, data, kuɗin koko da ƙosai. Sai a ce mu bar nan mu koma inda ba mai gani, kuma kada ki gaya wa kowa, ba za su gane ba. Sai ƙaramin roƙo wanda yarinya za ta ga ba komai, hoto babu hijabi. Wannan ƙaramin shi ne igiyar da za a ja babban da ita. Shekara 17 ɗin da ya faɗa kada ki ɗauke ta da muhimmanci, mai shekara 40 ma haka yake cewa. Abin ya zama sana'a, har a Yulin 2024 kamfanin Meta, mai Facebook da Instagram, ya ce ya rufe asusun Instagram kusan 63,000 a Najeriya masu alaƙa da irin wannan tatsa. Kuma samari ma ana yi musu, su kuɗi ake nema a wurinsu, don haka in akwai namiji cikin ƙannenta ki sa shi a lissafi.

Bayan haka, wayar da kika kulle ɗaya ce a gidan da ke da ashirin. Akwai ta ƙawarta, akwai ta 'yar ɗakin da ke kallon naku, akwai taki da kike ajiyewa a caji kina wanka. Yarinyar da aka tsare da ƙarfi kawai za ta koyi ɓuya ne, kuma yaran yanzu a wannan fanni sun fi mu.

Bari in ba ki labarin kakata, Allah ya jiƙanta. Muna yara muna talla, in mun dawo sai ta zauna a tabarma ta ƙirga ciniki. In kuɗi ya gaza, faɗa ne kaɗan, ta ce gobe a kula. Amma ranar da kuɗi ya fi kaya, ranar ake zama. Wa ya ba ki? A ina yake zama? Me ya ce da ya ba ki? Da ƙuruciya na ɗauka rashin godiya ne, an kawo riba ana tuhuma. Sai da na girma na gane abin da tsohuwar ke ƙirgawa. Data ita ce rarar cinikin yau. Ke kin san nawa kike saya mata. In yarinya na kallon bidiyo dare da rana wata uku ba ta taɓa cewa “Mma, datata ta ƙare” ba, wani na biya. Wannan ba ya buƙatar Turanci, kuma ya fi kowace manhaja saurin kama ɓarawo. Ban faɗa don in ɗora miki laifi ba, mai tashi ƙarfe uku ta hura wuta ba ta da lokacin ƙirga data. Na faɗa ne don ki san rashin bokonki bai mayar da ke makauniya ba.

Yayanki kuma da ke cewa gwamnati ta rufe TikTok, na fahimci zafinsa, kuma ba shi kaɗai ke wannan tunani ba. Ostareliya ta yi doka, daga 10 ga Disamba 2025 'yan ƙasa da 16 ba su da izinin riƙe asusu a TikTok da Instagram da Facebook da ire-irensu, kuma kamfani ake ci tara in ya yi sakaci, ba iyaye ba. Wannan ɓangaren na matsa wa kamfanoni ina goyon bayansa, su ke cin riba da idon 'ya'yanmu, su ɗauki nauyi. Amma rufewa ɗungurungum ban yarda da ita ba. Mun ga Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, wata bakwai, matasa suka sauke VPN, manhajar da ke zagaye toshewa, suka ci gaba da harkarsu kamar ba a yi ba. Ingila ta tilasta tantance shekaru a shafukan batsa a Yulin 2025, cikin kwanaki VPN ya zama abin da aka fi saukewa. Wanda rufewa ke kamawa shi ne irinki da irina, yaro ɗan sha biyar kuwa kafin magariba ya samo ƙofar baya. Sannan makullin da aka miƙa wa gwamnati da sunan yara ba ya tsayawa kan yara. Yuganda ta kashe intanet gaba ɗaya a zaɓen Janairun 2021. Senegal ta rufe TikTok a Agustan 2023 lokacin rikicin siyasa, ba don tarbiyya ba. Mu a nan ba mu saba da wannan ba, kuma ba na so mu roƙo shi da bakinmu.

Ki kuma tambayi yayanki: to WhatsApp fa? Ai can mutumin ya ja ta, can aka yi ɓarnar. Shi ma a rufe? Da shi babanta ke kiranku daga Paga a kan iyakar Burkina Faso, da shi masu ofis ke yi miki odar abinci. Ya tuna ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, yadda harkoki suka tsaya cak a garin nan? Wannan hatsari ne na kwanaki, ba doka ba.

Salaga kuwa, da ziyara ce da na ce Allah ya kiyaye hanya. Amma a ɗauke yarinya a tsakiyar zango, saura shekara ɗaya da 'yan watanni ta rubuta BECE, jarrabawar kammala JHS, a kai ta wurin tsohuwar da ba ta san komai kan waya ba, wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Salaga akwai intanet. Yarinyar za ta isa can da tabbacin an kore ta ne, babu uwa kusa, kuma duk wanda ya fara yi mata magana mai daɗi ya samu. Unguwa ma za ta tambaya me ya sa aka ɗauke ta ba zato, kuma kin san irin amsar da unguwa ke ƙirƙira in ba a ba ta ba. Ki gode wa yayanki, ki ce kin ji, za ku yi shawara da babanta. Ki roƙe shi maganar ta tsaya a bakinsa, har matarsa.

Babanta ki gaya masa. 'Yarsa ce, hakkinsa ne, kuma maganar da ɗan maƙwabta da yayanki suka riga suka sani ba za ta ɓoyu ba. In ya ji a bakin wani, laifin zai zama biyu, naki ya fi nata. Amma kada ki gaya masa a waya yana riƙe da sitiyarin tirela. Ki bari ya dawo, ya yi wanka, ya ci abinci, ya yi barci. Kafin nan ki riga kin kira 292, don ki zo masa da matsala da matakin da aka ɗauka tare. Yadda kika jera maganar ma yana da tasiri. In kika fara da “ka ga abin da 'yarka ta yi”, kin ba shi wanda zai daka. Ki fara da “wani mutum yana farautar 'yarmu, na kai ƙararsa, ina so ka tsaya mana”. Namiji in ransa ya ɓaci yana neman abin yi da hannunsa, to ki ba shi: shi zai raka ku DOVVSU, shi zai zauna da yayanki ya rufe maganar Salaga. Ke kika san mijinki. In mai saurin hannu ne, kada yarinyar ta kasance a ɗakin lokacin, kuma ki gayyato wanda yake jin nauyinsa, babban yayansa ko limamin da yake girmamawa, mutum ɗaya mai riƙe sirri. In maganar a aurar da ita ta taso, don takan taso a irin wannan hali, ki tsaya da ƙafarki. Shekararta 14, dokar yara ta 1998 ta sa 18 ne mafi ƙarancin shekarun aure, kuma yarinyar da aka cuta ba a yi mata magani da ɗaurin aure.

Ita ma ki gaya mata tun da wuri cewa za ki sanar da babanta, da ranar, da abin da za ki ce. Za ta yi kuka ta roƙe ki. Ki ce mata ba za ki ɓoye masa ba, amma kina nan a tsakani. Kada ta ji an sake yin wani abu a bayan idonta.

Malamin Islamiyya da makaranta, ni ba zan sanar da su yanzu ba, sai in mutumin ya aika wani abu da gaske ko masu bincike sun ce a yi. Yawancin masu wannan barazana in suka ga an daina amsawa sukan koma kan wani, don watsawa na ƙara musu haɗarin kamu. In kuma ya aika, hoton yarinya ne babu hijabi, za a yi surutu na mako biyu a koma kan wani. Ki faɗa mata haka da bakinki, don a idonta yanzu duniya ce za ta tashi.

Saura maganar wayar. Ba yau ba, ba wannan watan ba, amma za ta koma hannunta, don aikin makaranta na nan, kuma in ta shiga babbar sakandare ta fita daga gabanki gara a ce ta koyi riƙe waya tun tana kusa da ke. Kafin nan ki saya mata ƙaramar mai maɓalli, irin wadda ake kira yam, saboda kira da MoMo ɗin cinikinki. Ranar da babbar wayar za ta dawo, da sabon layi za ta dawo, da sharuɗɗan da aka faɗa a fili: kin san lambar sirrin, kina dubawa a gabanta ba a ɓoye ba, waya na kwana a wurinki, data daga hannunki take fitowa. Sai sharaɗi na ƙarshe wanda ke kanki ne, ba kanta ba, ki faɗa mata shi ƙannenta na ji: duk wanda wani ya aiko masa abin da ya tsorata shi ko ya ba shi kunya, ya kawo miki, ba duka, ba ƙwace waya. Ranar da ɗayansu ya gwada ki, zai yi miki wuya ki cika. Ki cika.

Hotunan yaran da kike sawa a status ranar Sallah ko ranar rabon sakamako, da rigar makaranta da bajenta a ƙirji, su ma ki rage, ko ki taƙaita masu gani. Lambarki na hannun duk wanda ya taɓa sayen abinci ya biya ta MoMo.

Ki rubuto mini bayan babanta ya dawo, ina so in ji yadda kuka ƙare da 292, da kuma ko ta fara cin abinci.